Isabel Segunda: Darasin wani ƙaramin gari ga masu riƙe da fayil

A gabashin Puerto Rico, cikin tekun Karibiyan, akwai wani siririn tsibiri mai suna Vieques, wanda tsawonsa kimanin kilomita 34 ne, faɗinsa kuma bai wuce kilomita 7 ba. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2020 ta samu mutum 8,249 a cikinsa. Hedikwatar tsibirin wani ɗan gari ne a gaɓar arewa da ake kira Isabel Segunda, mai dandali guda a tsakiya, da coci, da ginin ƙaramar hukuma, da tashar jirgin fito, sai kuma wani tsohon sansanin soja da ke kan tudu yana kallon teku. Mutanensa da Sifaniyanci suke magana, fasfo ɗin Amurka suke riƙe da shi, dawakai kuma na yawo a titunansa babu linzami babu makiyayi. Wanda ya ga hoton garin zai ɗauka wurin shaƙatawa ne kawai, ya wuce abinsa.

Ni kuwa ina ganin ya kamata duk mai cin abinci a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, daga babban sakatare har zuwa mataimakin da ke rubuta wa minista takardar shawara, ya san labarin wannan gari. Dalili shi ne, kusan duk wani babban al'amari da ya sami Isabel Segunda tun daga shekarar 1941, a kan teburin wani jami'i aka yanke shi a birnin Washington, mai nisan fiye da kilomita 2,000, inda mutanen garin ba su da wakili mai ƙuri'a. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, shafa wa bango fenti da rubuta sunan gini a rajistar wuraren tarihi ba su isa su raya tsohon gari ba. Gari yana raye ne muddin matansa na iya haihuwa a cikinsa, marasa lafiyarsa na samun magani a cikinsa, mutanensa na iya fita su dawo ranar da suka ga dama, kuma ɗan gari na iya biyan hayar ɗaki a unguwar da aka binne cibiyarsa. Waɗannan kuwa duka a hannun masu fayil suke.

Mu fara da yadda aka zana garin. A shekarar 1573 Sarki Philip na II na Sifaniya ya fitar da dokokin kafa garuruwa a ƙasashen da daularsa ta mamaye, waɗanda daga baya aka shigar cikin kundin da ake kira Leyes de Indias. Dokokin sun umarci a fara auna dandali kafin a aza harsashin kowane gida, a daidaita girmansa da yawan jama'ar da ake sa ran garin zai tara nan gaba, a fitar da manyan tituna daga gare shi, sannan a ware filayen da ke kewaye da shi domin ɗakin ibada da gidajen hukuma da shaguna. Idan garin na bakin teku ne, sai dandalin ya kasance kusa da mashigar jiragen ruwa. Babu wanda zai musa cewa dokoki ne na masu mulkin mallaka, an kuma yi su ne domin a riƙe ƙasar da aka ƙwace. Duk da haka akwai hikima guda a cikinsu da ta fi daular tsawon rai, wato hukuma ta zauna a inda talaka zai iya zuwa da ƙafarsa ya tsaya a ƙofarta. Puerto Rico na da ƙananan hukumomi 78, kuma kusan kowace na da irin wannan cibiya da suke kira pueblo. Isabel Segunda ita ce ta Vieques.

Garin bai tsufa sosai ba idan aka kwatanta shi da tsibirin. An tono ƙasusuwan wani mutum a yankin Puerto Ferro da masana suka ƙiyasta shekarunsu da kusan 4,000. Mutanen Taíno da Turawa suka tarar a wurin, Sifaniyawa sun murƙushe su a farkon ƙarni na 16, bayan mutuwar shugabanninsu biyu 'yan'uwan juna, Cacimar da Yaureibo. Daga nan tsibirin ya shafe kusan shekaru 300 babu tsayayyiyar hukuma. Ingilishi da Faransawa da mutanen Denmark sun yi ta yunƙurin kafa zango, Sifaniyawa na zuwa daga Puerto Rico suna korar su, 'yan fashin teku kuma na fakewa a lungunansa. A 1816 Simón Bolívar ya ɗan yada zango a wurin, shi ya sa har yau gunkin kansa ke tsaye a dandalin garin. Sai a 1832 wani Bafaranshe, Teófilo Le Guillou, ya zama gwamnan tsibirin da yardar Sifaniya, ya buɗe manyan gonakin rake. Francisco Saínz, wanda ya riƙe gwamna daga 1843 zuwa 1852, shi ne ya kafa garin, aka raɗa masa sunan Sarauniya Isabel ta II. A 1854 aka haɗe Vieques da Puerto Rico a hukumance.

Sansanin da ke kan tudu, Fortín Conde de Mirasol, an fara gina shi a 1845 bisa umarnin gwamnan Puerto Rico na lokacin, Rafael de Arístegui, kuma ana yawan ambaton sa a matsayin sansani na ƙarshe da Sifaniya ta gina a nahiyar Amurka. An gina shi domin tsoratar da baƙi, amma aikin da ya fi daɗewa yana yi shi ne na kurkuku. Dukiyar da ta gina kyawawan gidajen garin, waɗanda wasu ke ɗauke da sunayen iyalan Faransawa irin su Delerme, daga rake ta fito, rake kuma daga gumin bayi 'yan asalin Afirka da leburorin da aka kwaso daga tsibiran maƙwabta. Sai a 1873 aka soke bauta a Puerto Rico. A 1896 aka kunna fitilar hasumiyar Punta Mulas mai yi wa jiragen ruwa jagora zuwa tashar garin. Shekaru biyu bayan haka Sifaniya ta sha kashi a yaƙinta da Amurka, ta miƙa Puerto Rico da Vieques a yarjejeniyar Paris ta Disambar 1898. A 1917 aka ba mutanen shaidar zama 'yan Amurka, sai dai har yau ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu guda a majalisar wakilai kuma ba ya kaɗa ƙuri'a a kan zartar da doka.

A wannan hali yaƙin duniya na biyu ya same su. A 1941, lokacin da ake fargabar Jamus za ta ci Birtaniya, rundunar sojin ruwan Amurka ta tsara babban sansani a Roosevelt Roads, gabashin Puerto Rico, wanda zai iya karɓar jiragen yaƙin Birtaniya idan ta kama. Aka fara ƙwace filaye a Vieques, aka sake wani zagaye bayan yaƙin, har rundunar ta mallaki kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin. Yammaci ya zama rumbun makamai, gabashi ya zama filin atisaye da gwajin bama-bamai, farar hula kuma aka matse su a tsakiya. An ma fara gina wata doguwar katanga a cikin teku da nufin haɗa tsibirin da babban yankin, aka yi watsi da ita bayan yaƙin ya sauya salo. Guntunta, mai tsawon kimanin mil guda, yana nan har yau.

A kan takarda, komai ya bi doka. An biya diyya. Amma wa aka biya? Mafi yawan ƙasar Vieques a lokacin tana hannun 'yan tsirarun iyalai da kamfanonin sukari, su ke da takardun mallaka, su aka rubuta wa cek. Dubban ma'aikatan gona da ake kira agregados, waɗanda ke zaune a filayen iyayen gidansu kaka da kakanni, suna da ɗan lambu da kaji da hanyar zuwa kamun kifi, ba su da ko takarda guda, saboda haka a idon fayil babu su. An ba su gajeren wa'adi, aka kwashe su zuwa wasu ƙananan filaye irin su Santa María da Monte Santo, kusa da Isabel Segunda, ba tare da an mallaka musu filayen ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masana'antar sukari ta Playa Grande, wadda ita ce ta ƙarshe a tsibirin, ta rufe. Da aikin gine-ginen soja ya ƙare, sai mutane suka yi ta ƙaura, musamman zuwa tsibirin Saint Croix, inda zuriyarsu ke nan da yawa har yanzu.

Ina roƙon mai karatu ya dakata a nan. Jami'in da ya shirya jadawalin diyya a 1941 wataƙila bai saci ko sisi ba. Ya tambayi wanda doka ta ce a tambaya, ya biya wanda doka ta ce a biya, ya rufe fayil ya tafi gida da kwanciyar hankali. Kuskurensa guda ne: ya nemi sanin wanda ya mallaki ƙasar, bai nemi sanin wanda ke rayuwa a kanta ba. Wannan tambaya guda da ba a yi ba ta karya tattalin arzikin gari na tsawon shekaru sittin. Dandali na nan, coci na nan, ginin hukuma na nan, amma ƙauyukan da ke kawo wa garin kaya da ciniki da yara 'yan makaranta an shafe su daga taswira.

Abin bai tsaya nan ba. A 1947 an tattauna shirin kwashe mutanen tsibirin gaba ɗaya zuwa Saint Croix. A 1961 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta sake dawo da batun, wannan karon har da tone kaburbura a tafi da ƙasusuwan magabata, domin kada wani ya samu hujjar dawowa ziyara. Mutanen Puerto Rico suka yi wa shirin laƙabi da Plan Drácula. Gwamna Luis Muñoz Marín ya rubuta wa Shugaba John F. Kennedy yana nuna adawa, aka janye. Da wasiƙar ba ta isa ba, ko da ta isa ta maƙale a teburin wani mataimaki, da yau Isabel Segunda kufai ne a cikin shingen soja. A nan ma takarda ce ta yi aiki, sai dai wannan karon ceto ta yi, kuma ya dace a tuna da hakan idan ana lissafin laifin masu biro.

A 1975 rundunar ta bar maƙwabcin tsibirin Culebra bayan zanga-zangar mutanensa, nauyin atisaye ya ƙaru a kan Vieques. A 1978 masunta, ƙarƙashin jagorancin Carlos Zenón, suka shiga da ƙananan kwale-kwalensu gaban manyan jiragen yaƙi suka hana atisaye. Gwamna Carlos Romero Barceló ya kai rundunar kotu. A 1983 aka sasanta, aka sa hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna a cikin wancan tsohon sansani na kan tudu, shi ya sa ake kiran ta yarjejeniyar Fortín. Gwamnati ta janye ƙara, rundunar kuma ta yi alƙawarin taimakawa wajen samar da ayyukan yi da kare muhalli da rage hayaniyar bama-bamai. Janye ƙarar ya tabbata nan take. Ayyukan yin da aka yi alƙawari kuwa ba su ɗore ba. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro ana musayar alƙalami da murmushi a gaban masu ɗaukar hoto ya san irin wannan takarda: ɓangare guda ya ba da abin da ke hannunsa yau, ɗayan ya ba da kyakkyawar niyya ta gobe, babu ranar cikawa, babu kuɗi a kasafi, babu wanda za a kama idan an saɓa.

Ranar 19 ga Afrilun 1999 wani jirgin yaƙi ya saki bama-bamai biyu a inda bai kamata ba, suka kashe David Sanes Rodríguez, ɗan tsibirin da ke aikin gadi a filin atisayen. Mutuwarsa ta haɗa kan jam'iyyun Puerto Rico da coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda ba su saba haɗuwa a kan komai ba. Masu zanga-zanga suka kafa tantuna a cikin filin bama-baman har fiye da shekara guda, sai ranar 4 ga Mayun 2000 jami'an tarayya suka kwashe su. An ci gaba da kutsawa ana kamawa, cikin waɗanda aka ɗaure har da Rubén Berríos da Al Sharpton da Robert F. Kennedy Jr. A Yulin 2001 aka yi ƙuri'ar raba gardama a tsibirin, kusan kashi 68 cikin ɗari suka zaɓi rundunar ta fice nan take. Ranar 1 ga Mayun 2003 ta fice.

Masu kare rundunar suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji ta ba. Sun ce babu wani wuri a tekun Atlantika da sojan ruwa da na sama da na ƙasa za su iya yin atisaye tare da harsashi mai rai kamar Vieques, kuma sojan da aka tura fagen fama ba tare da horo ba, ransa aka sayar. Wannan magana ce mai nauyi. Ƙasa na da bukatun da suka fi ƙarfin ƙaramar hukuma guda, kuma wani lokaci dole wani yanki ya ɗauki kaya domin saura. Amma idan haka ne, adalci ya wajabta abu biyu: a tambayi mai ɗaukar kayan, a kuma biya shi gwargwadon nauyin. Vieques ba ta samu ko ɗaya ba. An zaɓe ta ne domin ƙarama ce, mai nisa, marar ƙuri'a. Sannan bayan 2003 rundunar ta raba atisayenta a wasu wurare ta ci gaba da aikinta, abin da ya nuna cewa kalmar "babu makawa" da aka shafe shekaru ana rubutawa a rahotanni ba ta kai ƙarfin da aka ba ta ba.

Ficewar ma ba ta mayar da ƙasa ga masu ita ba. An ba ƙaramar hukumar wani yanki a yamma a 2001, amma mafi yawan filayen, musamman na gabas, an miƙa su ne daga wata hukumar tarayya zuwa wata, wato hukumar kula da kifaye da namun daji, aka mayar da su gandun daji. A 2005 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa yankin cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, kuma har yanzu ana aikin tsince bama-baman da ba su fashe ba. Rundunar da kanta ta amsa cewa an harba harsasai masu ɗauke da yuraniyom a wurin a 1999. Alƙaluman lafiya na Puerto Rico sun nuna ciwon daji ya fi yawa a Vieques fiye da babban yankin, hukumar tarayya mai binciken guba kuma ta ce ba ta samu hujjar da ta ɗaure cutar da atisayen ba. Mazauna sama da 7,000 sun kai ƙara, kotu ta kore ta bisa kariyar da doka ta ba gwamnati, ba tare da an kai ga auna shaidar rashin lafiyarsu ba. Akwai masu cewa gandun dajin ya tsare gaɓar teku daga manyan otal-otal, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a tambaye shi ba kafin a zaɓa masa.

Sai guguwar Maria ta zo ranar 20 ga Satumbar 2017. Hanyar da ke kawo wa tsibirin lantarki daga babban yankin ta lalace, mutane suka koma kan janareta fiye da shekara guda. Cibiyar lafiya ɗaya tilo da ke da ɗakin haihuwa da injinan wankin ƙoda ta lalace, aka rufe ta. Masu ciwon ƙoda suka riƙa hawa ƙaramin jirgin sama zuwa babban yankin sau uku a mako, mata masu ciki kuma suka riƙa ƙetare teku kafin lokacin naƙuda. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta shafe fiye da shekaru biyu ana kai da komo a kan ko gyara ginin za a yi ko sabo za a gina, da kuma nawa za a kashe. A Janairun 2020 wata yarinya 'yar shekara 13 ta rasu a tsibirin bayan an rasa kayan aikin da za a taimaki numfashinta yadda ya kamata. Cikin wannan watan aka amince da dala miliyan 39.5 domin sabon gini. Hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne, domin sai da aka ƙara wasu shekaru kafin ginin ya tashi.

A nan ma akwai abin da za a faɗa domin kare jami'an. Kuɗin jama'a amana ne, kuma wanda ya saki miliyoyi ba tare da tantancewa ba shi za a kira gaban kwamitin bincike gobe. Kowane ma'aikaci ya san tsoron mai binciken kuɗi. To amma tsarinmu na aikin gwamnati, a ko'ina a duniya, yana hukunta wanda ya yi gaggawa ya yi kuskure, ba ya hukunta wanda ya yi jinkiri aka yi asara. Babu shafi a cikin fayil da ake rubuta adadin tafiye-tafiyen da mai ciwon ƙoda ya yi yayin da takarda ke jiran sa hannu. Tunda babu shafin, sai jinkiri ya zama kamar kyauta ne, alhali wani ne ke biya, kuma da jikinsa yake biya. Amincewar da ta fito cikin kwanaki bayan mutuwar yarinyar ta sa mutane da yawa tambayar abin da ya hana ta fitowa tun da farko, kuma tambaya ce da ta dace.

Haka batun jirgin fito. Ga mutumin Isabel Segunda, jirgin nan shi ne babbar hanya: ta cikinsa abinci da man fetur da siminti ke shigowa, ta cikinsa ake zuwa ganin likita da jami'a da kotu. A 2018 aka mayar da tasharsa ta babban yankin daga garin Fajardo zuwa Ceiba, cikin tsohon sansanin Roosevelt Roads, nesa da shaguna da ofisoshin da matafiya suka saba biyan bukatunsu da ƙafa. Lalacewar jirage da soke tafiya sun sha jawo zanga-zanga. Ranar da jirgin kaya bai zo ba, gidajen mai kan ƙafe, kantuna su yi fayau. Dandalin da aka auna kusa da mashigar jirage domin gari ya yi numfashi ta teku, sai ya koma yana jiran jadawalin da wasu suka rubuta a wani wuri.

Barazana ta baya-bayan nan ba ta da ƙara irin ta bam. Tun da soja suka tafi, Vieques ta zama abin sha'awar 'yan yawon buɗe ido, saboda fararen rairayinta da kuma mashigin ruwan Mosquito, wanda ƙananan halittu ke sa shi walƙiya da dare. Baƙi masu kuɗi suka fara sayen gidaje da filaye, da yawa aka mayar da su masaukin kwana biyu ko uku. Dokar rangwamen haraji ta 2012, wadda aka shigar cikin Doka ta 60 a 2019, ta ƙara jawo attajirai daga Amurka zuwa Puerto Rico. Tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020, mutanen Vieques sun ragu daga 9,301 zuwa 8,249. Yawon buɗe ido na kawo aiki, kuma tsibirin da aka hana noma da masana'anta na tsawon shekaru sittin ba shi da zaɓi da yawa. Amma idan malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya ba za su iya samun hayar da ta dace da albashinsu ba, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da Plan Drácula ya kasa yi da umarnin soja, kasuwar gidaje na iya yin sa sannu a hankali, kuma kowane ciniki da takardarsa ta halal.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da irin kiyaye tarihin da ke tsayawa a kan gini. An gyara Fortín, Cibiyar Al'adun Puerto Rico ta buɗe shi a matsayin gidan adana kayan tarihi a farkon shekarun 1990, hasumiyar Punta Mulas da wasu tsofaffin gidaje na cikin rajistar wuraren tarihi ta Amurka. Duk aikin kirki ne, kuma gidan tarihin ya taimaka ƙwarai wajen adana takardu da hotunan gwagwarmayar mutanen. Sai dai gwamnatin da ta rubuta sunan gidan a rajista ita ce ta riƙe kashi biyu cikin uku na ƙasar, ita ce kuma ta bar mazauna gidan babu ɗakin haihuwa. Ofis ɗaya na kare taga da baranda, wani ofishin na yanke shawarar da za ta kori mai leƙowa ta tagar, kuma babu teburin da ya haɗa su.

Me ma'aikaci zai ɗauka daga wannan labari ya shiga da shi ofis ranar Litinin? Na farko, duk lokacin da fayil ɗin karɓar fili ya zo gabanka, ka nemi jerin mazauna tare da jerin masu takarda, domin su biyun ba safai suke zama ɗaya ba, kuma wanda ba ya cikin jerin farko shi ne zai fi shan wahala. Na biyu, kada ka bari maigidanka ya sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna da ba ta da ranar cikawa, da layi a kasafin kuɗi, da sunan ofishin da za a tuhuma. Alƙawari kaya ne, wanda ba a ɗora wa kowa ba kuwa a ƙasa zai kwana. Na uku, idan takarda ta shafi asibiti ko ruwa ko hanya guda tilo ta wata al'umma, ka rubuta a samanta abin da kowane mako na jinkiri ke jawowa, domin mai sa hannu ya gani da idonsa. Na huɗu, idan gwamnati ta gama da ƙasar da ta karɓa, a fara tambayar waɗanda aka karɓa daga hannunsu kafin a miƙa ta ga wata hukuma. Na biyar, duk kasafin gyaran tsohon gari ya zo tare da tambayar ko su wa za su kwana a cikinsa bayan shekaru ashirin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar doka. Suna bukatar mutum guda a cikin jerin masu duba fayil da zai ɗaga biro ya yi tambaya kafin ya tura gaba. Mutanen Vieques sun kori rundunar sojin ruwa mafi ƙarfi a duniya da kwale-kwale da tantuna da haƙurin shiga kurkuku, amma sai da suka shafe shekaru sittin da biyu, kuma sai da aka rasa rai. Bai kamata a ce sai ƙaramar al'umma ta kai ga haka kafin a saurare ta ba. Masu auna dandalin Isabel Segunda sun sa ginin hukuma yana fuskantar jama'a domin mai mulki ya riƙa ganin fuskar wanda yake mulka. Gwamnatin tarayya ba za ta iya zama a kowane dandali ba, shi ya sa take ɗaukar ma'aikata, kuma nauyin ganin waccan fuska ya koma kan wanda fayil ɗin ke gabansa yau.